Kiret ɗin Ƙwai a Kan Rufin Goggo

Tun ranar da Safiyo ya goge ƙugun motarsa a jikin ginshiƙin ƙofar gida, 'ya'yansa suka shiga shawara a kan makullin motar. Ta waya suke yin ta, murya ƙasa-ƙasa, amma kunnuwan tsohon ba su mutu ba tukuna. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan yake kira Yaya, ya yanke hukuncin cewa Baba ya isa hutu. Autar gidan, mai aikin haɗa magani a asibiti, ta nemi a yi adalci. Za ta zauna a gefensa ya tuƙa ta, ta gani da idonta. In ya yi kuskure, ko kuma ɗan sanda ya tsayar da su, makulli ya koma hannun Yaya, babu ɗaukaka ƙara.

Awon ƙasa Safiyo ya yi har ya yi ritaya, kuma a motar ma'aikatar awo ya koyi tuƙi, a zamanin da direba kan fiddo hannu ta taga ya nuna inda zai karya, kafin a san bel ɗin kujera. Shugabansa na farko ya ɗora shi a kan ƙa'idoji biyu. Ta farko, kada ya kuskura ya shiga mota sai ya zagaye ta: ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi, ya taka matakala ya duba rufi, domin a can masu awo ke ɗora sandunansu, wanda aka manta ba a ɗaure ba kuwa sai dai a neme shi a daji. Ta biyu, in ɗan sanda ya ɗaga masa hannu, ya fito daga mota ya taka ya same shi da takardu a hannu, gama a wancan lokacin rashin kunya ne mutum ya zauna yana amsa wa mai kaki da ke tsaye.

Motar tasa doguwa ce, tsohuwar motar daji mai ƙarafan ɗora kaya a sama, yara sun laƙaba mata suna Goggo. Da ita yake kai matarsa wurin likitan gwiwa, da ita yake zuwa duba abokan aikinsa da suka rage. Ya san ranar da aka karɓe makullin nan, shi ma ya zama kaya, sai wani ya sami sarari ya ɗauke shi.

Ranar gwajin ta faɗo a safiyar wata Asabar. Motar Auta tana wurin makaniki, don haka Baba zai mayar da Auta gidanta. Mahaifiyarta, wadda ke kiwon kaji a bayan gida, ta cika mata kiret da ƙwai saboda jikoki. Auta ta fito da kiret a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, Yaya yana ba ta umarni. Safiyo ya koma ciki ɗauko tabarau. Da ya dawo ya tarar ta riga ta shige ta ɗaura bel.

Ya fara zagayensa daga tayar baya. Auta ta leƙo ta taga.

"Baba, don Allah yau dai a yafe wa Goggo wannan zagayen. Yanzun nan Yaya yake cewa shi kansa alamar tsufa ne, wai kana manta ka duba ne shi ya sa kake sakewa."

Maganar ta soke shi. Ya dubi matakalar, ya dubi 'yarsa, sannan a karo na farko tun yana saurayi ya buɗe ƙofa ya shiga ba tare da ya ƙarasa ba.

Tuƙin da ya yi a safiyar nan, ko ranar da ya ɗauko matarsa daga asibiti da jaririn fari bai yi irinsa ba. Yakan saki kuloci kamar mai ajiye ƙoƙon da ya cika da ruwa. Tudun rage gudu kuwa sai ya lallaɓa ya hau, ya lallaɓa ya sauka. Sai dai tun daga bakin babban titi mutane suka fara yi masa abin da ya dame shi. Wani mai babur ya jera da shi yana nuna sama yana ihu. Wata mata a tashar bas ta dafe kai. Direban wata motar kaya ya danna hon ya wuce yana dariya.

"Kin ga 'yan zamani," in ji Safiyo. "In ba ka tashi sama da mota ba, kai ne abin dariya."

Auta ta ci gaba da kallon titi.

Sun wuce shataletale da kaɗan ya hango fitilar a madubi, shuɗi da ja suna walƙiya a kan babur. Babu jiniya. Ɗan sandan ya matso, ya yi masa nuni da hannu ya sauka gefe. Safiyo ya sake duban madubin. Shi ke nan, ya faɗa a ransa. Yaya ya ci.

Duk da haka hannunsa bai manta aikinsa ba. Ya kunna sigina, ya ƙi tsayawa a kan kwana, ya gangara har inda gefen titi ya yi faɗi a gaban wani shagon gyaran firiji, ya taka birki a hankali, ya ja na hannu. Sannan ya gyara hula, ya kai hannu ga mabuɗin ƙofa.

Auta ta cafke wuyan hannunsa.

"Ina za ka, Baba?"

"Ina kuwa? Wurinsa. Ni ba a haife ni in zauna mutum yana tsaye a kaina ba."

"Kada ka fita. Wallahi kada ka fita. Yanzu ba haka ake yi ba."

"Ladabin ma an sake shi?"

"An sake. Shi bai san ko wane ne a cikin motar nan ba. In ya ga an banko ƙofa an nufo shi, hannu a aljihu, me kake so ya zata? Kashe injin. Sauke gilas. Ɗora hannuwanka a kan sitiyari inda zai gan su. In yana so ka fito, shi zai faɗa."

"Ni da furfurata zai ji tsoro?"

"Daga baya furfura ba ta ganuwa, Baba, hula kawai yake gani."

Ya so ya yi gardama, amma ya ga yadda ta ƙi sakin hannunsa, sai ya gane ba makulli take ji wa tsoro ba. Ya kashe injin, ya murɗa gilas ƙasa, ya ɗora tafukansa a kan sitiyari kamar ɗalibin da ake duba wa farce.

Ɗan sandan ya kafe babur, ya cire hular kwano, ya tako a hankali. Kofur ne, matashi, ba zai girmi babban jikan Safiyo da yawa ba. Abin mamaki, yana tafe idonsa yana sama.

"Barka da safiya, Baba. A taimaka mini da lasin da takardun mota."

Hannun Safiyo ya zabura zai nufi aljihun gaban mota. Auta ta yi gyaran murya.

"Faɗa masa tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya mayar da hannunsa kan sitiyari. "Ofisa, takardun suna cikin aljihun motar nan. Zan buɗe in ɗauko."

"Bismilla, Baba."

Kofur ya karɓa, ya duba hoton, ya dubi fuskar, ya duba inshora. A wannan ɗan tsakanin Safiyo ya gama shirya ƙararsa a zuci. Titin nan shi ya auna shi tun yana gonaki, ya san faɗinsa da gangarensa, ya san bai wuce ƙa'idar gudu ba, bai tsallake danja ba. Ya buɗe baki zai fara daga shekarar da aka zuba kwaltar, sai ya ji yatsun Auta a gwiwarsa. Ya rufe. Da ya sake buɗewa, abin da ya fito gajere ne.

"Ofisa, ko zan iya sanin laifina?"

Kofur ya miƙo takardun. Gefen bakinsa yana motsi kamar mai kokawa da dariya.

"Baba, tambaya ɗaya gare ni. Wa ya ɗora ƙwai a kan rufin motar nan?"

 Safiyo ya juya a hankali ya dubi 'yarsa. Auta ta dubi cinyarta, inda jaka take ita kaɗai. Ta waiga kujerar baya, wayam. Sai ta rufe fuska da tafukanta.

"Wayyo Allah na. Ni ce. Na ajiye ne in buɗe ƙofa, Yaya yana ta magana..."

Kofur ya taka matakalar Goggo, ya sauko da kiret ɗin da hannu biyu, ya zagaya ya miƙa mata ta taga. Ƙwan suna zaune a ramukansu, sun ɗan yi ɗumi da rana. Ta bi su da yatsa layi-layi. Ko tsagewa babu.

"Tun kafin shataletale nake bin ku," in ji Kofur. "Na kai hannu ga jiniya na fasa, na ce in na firgita tsohon nan ya taka birki da ƙarfi, gaban motar nan za a yi wa wanka da ƙwai. Ina kallo kuka hau tudu kuka sauka, kiret ko gezau. Baba, a ina ka koyi tuƙi?"

"A inda babu titi," in ji Safiyo. 

"Ya nuna. Amma Hajiya, kayan da ba a ɗaure ba a kan mota laifi ne. Da ya faɗo a gaban mai babur, da yanzu wani zancen ake. Yau gargaɗi ne."

"Na gode, Ofisa. Ba zan sake ba."

Daɗi ya kwashe Safiyo har ya manta kansa. "Auta, ɗebar masa kaɗan mana, ya kai wa iyali."

"Baba!"

Kofur ya ɗaga hannu yana ja da baya, dariyar da yake riƙewa ta ƙwace. "A'a, Baba, rufa mini asiri. Kada ka mayar da gargaɗi ya zama ƙara. Ƙwan nan sun sha wuya, a bar su su isa gida."

Kunya ta kama tsohon, ya ba da haƙuri. Sannan ya ce, "To ina neman izini ɗaya. Ina so in fito in zagaya motata."

"Fito, Baba. Ka bi ta gefen shago, kada ka shiga titi."

Ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya wuce tabon da ginshiƙi ya bari, ya shafa shi da yatsa. Ya taka matakala ya dubi rufi, babu kome sai ƙura da sawun kiret. Mai gyaran firiji da ya fito kallo ya ɗaga masa babban yatsa.

Yana komawa kujerarsa wayar Auta ta yi ƙara. Ta dubi sunan, ta dubi mahaifinta, ta saka a sifika.

"Yaya dai?" in ji Yaya. "Kun isa?"

"Muna hanya. Ɗan sanda ya tsayar da mu."

"Kin ji ba! Ai na faɗa. To sharaɗi dai sharaɗi ne."

"Haka ne. Sai ka zo ka karɓi nawa makullin, don ni aka tsayar." Ta kwashe labari ta gaya masa, ba ta rage kome ba, har da zagayen da ta hana. 

"Ko ɗaya bai fashe ba?" in ji Yaya.

"Ko ɗaya."

"To ginshiƙin fa? Shi ma ke ce?"

Safiyo ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Ginshiƙi ni ne. Da magariba ne, idona ba ya son wannan lokacin. Auta za ta kai ni a duba idon, in rana ta faɗi kuma ba na fita. Amma makullina yana aljihuna."

Yaya ya ja numfashi. "To, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Auta ta kashe wayar, ta rungume kiret ɗin a cinya. Safiyo ya ɗaura bel, ya tayar da Goggo, ya jira har Kofur ya yi masa nuni da hannu. Ya kunna sigina, ya duba madubi, ya hau titi a hankali.

Sun yi ɗan nisa kafin ya ce, "Wannan zancen ɗora hannu a sitiyari, yaushe aka fara shi?"

"Ban sani ba, Baba. An daɗe."

"A'a, kome yana da shekararsa. Zan bincika." Ya rage gudu saboda tudun da ke gaba. "Riƙe ƙwanki da kyau. Yanzu da suke hannunki ne nake jin tsoro."