Man Baffa

Ɗantani makanike ya tuntsurar da tankin motar cikin daro. Abin da ya zubo ya rabu biyu, ja-ja a sama, ruwa da laka a ƙasa.

"Hambali, wannan fetur ne ko kunun tsamiya?" Ya zaro filta ya busa, ko iska ba ta wuce ba. "Kananzir da ruwa. Sun cinye kafireta, sun gangara inji. Kai da ake wa dariya saboda tace mai?"

Fijon hayar nan mahaifin Hambali ya bari, ita ke ciyar da mutum tara a gidansu na Soron Ɗinki. Tun da soja suka miƙa mulki ake cewa layin mai zai ƙare, bai ƙare ba, kowa a galan yake saye. Shi kuwa ba a ɗura masa sai ya sansana, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin mazurari. Wuri ɗaya ne ba ya yin haka, wurin Baffa Nata'ala, ƙanen mahaifinsa. Ta yaya zai tace man baffansa a gaban idonsa? Ai ya kira shi macuci ke nan. Wata huɗu ke nan a can kaɗai yake shan mai.

"Injin zai tashi?"

"Sai dai wani injin."

* * *

A ƙafa ya tafi Gwammaja, yana jera maganar da zai faɗa. Ya yi sallama a soro, ya tarar da Baffa ya naɗe hannun riga yana juye jarkar kananzir cikin duron fetur. Bai ko tsagaita ba.

"A'a, ɗan yayana! Yau a ƙasa? Ina motar?"

Gwiwoyin Hambali suka riga bakinsa, ya tsinci kansa a durƙushe.

"Tana gareji, Baffa. Inji ya buga."

"Ash! Ku yaran yanzu ba ku iya riƙon mota ba. Shekara ashirin ubanka yana janta, ko tari ba ta taɓa yi ba."

Hambali ya dubi duron, ya dubi furfurar da ke gemun Baffa, irin ta mahaifinsa sak.

"Haka ne, Baffa."

"To matso ka riƙe min mazurarin nan, hannuna ya gaji."

Ya matsa ya riƙe.