Hayaƙi Ya Gangara Ƙasa

Da hantsi abin ya tashi. Tsinke uku ne aka haɗa baki da baki, aka naɗe su da takardar alminiyam, siririyar waya ta kewaye samansu. Da tsohon mai gyaran talabijin ya sakar masa wutar da ya jawo daga cikin wata matacciyar talabijin, sai ya yi tsuwa, ya bar tebur da taƙi guda, ya tsaya yana rawa, zare kaɗai ke riƙe da shi.

"Ka gani ko?" in ji tsohon. "Ba fanka, ba fiffike. Wuta ce ta cinye nauyinsa, ƙasa ta sake shi."

Mijin 'yarsa, malamin kimiyya a sakandare, ya sunkuyar da kai, don musu da suruki sai da lallami. "Baba, a gafarce ni, iska ce. Wutar wayar nan ke kora iska ƙasa da gudu, shi kuma ya hau kanta."

"Shekara arba'in ina hura ƙurar talabijin, yau za a koya mini iska?"

Matar tsohon na tsaye a bakin ƙofa. Ita ta aika aka kira malamin. Talabijin goma sha bakwai ne jibge a ɗakin, ita kuwa tun bara take son wurin don keken ɗinkinta. An riga an ƙulla magana: in iska ce, gobe mai gwangwan ya kwashe su, in ba ita ba ce, ta haƙura har abada.

Malamin ya kunna maganin sauro, ya maƙala shi a kan doguwar sanda, ya miƙa saman abin. Hayaƙin da kowa ya sani da hawa sama sai ya karya kwana, ya zubo ta tsakanin wayar da takardar kamar ruwan famfo, ya malale kan tebur.

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Gani ya kori ji. Na faɗi, a kira mai gwangwan. Amma don Allah sake yi mu gani."

Malamin ya sake, ya kuma sakewa. Shekara goma sha ɗaya yana zana wannan abu a allo, bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

"Baba," ya ce a hankali, "in aka haɗa wutar talabijin biyu, za ta ɗaga wanda ya fi wannan girma?"

"Uku ma nake tunani. Sai dai gobe babu su."

Malamin ya juya, ya ɗan rusuna. "Inna, da za a ɗaga goben nan zuwa ƙarshen zango, ɗalibaina su gani..."

Ta dube shi, ta dubi mijinta. "Na yi gudun gara, na faɗa gidan zago," ta ce, ta saki labule.

Ba ta kai kicin ba ta ji suna sauko da talabijin ta biyu, kuma muryar malamin ce ke tambayar inda sukudireba take.