Randar Iya

Idan mutum ya cuce ka da ƙwaƙwalwar da ba shi ya ƙera wa kansa ba, wa za ka riƙe a zuciya? Ni dai ban sani ba. Malam Bello mai lemo ma bai sani ba, kuma shi ba mai yawan yi wa kansa tambaya ba ne.

Shekara ashirin da shida yana sayar da lemo da abarba a kasuwar Zuba. 'Yarsa Kauthar tana tsaron wani shagon tangaran a kasuwar Wuse. In ta so ka, har sai ka ji kunya. In ta juya, sai ka rasa inda za ka sa kanka. Wata Talata ƙawarta Felicity ta wuce ta gaban shagon tana waya, ba ta ɗaga mata hannu ba. Kafin la'asar Kauthar ta share farantan da ke kan kantar shagon zuwa ƙasa, ta kuma ji wa kanta ciwo da gangan. Da aka kira Bello, sai da ya gama zuba wa mai saye lemonsa a leda, sannan ya shiga mota. Bai ji tsoro ba, bai ji haushi ba. Karo na huɗu ke nan.

A asibiti aka tura su wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Janet, wata gajeruwa mai Hausar bariki. Bayan zama uku da Kauthar, ta ce a zo da uban. Ta zana kan mutum a bayan takarda.

"Baba, ka ga nan ciki? Akwai wani ƙaramin abu kamar ƙwallon dabino, amigdala. Shi ne maigadi. Naka da nawa, sai ya ga ɓarawo yake hura usur. Na Kauthar ko inuwa ya gani zai hura, kuma ba ya saurin dainawa. Nan gaban goshi akwai oga da zai ce masa ya isa. To nata ogan yana zuwa latti."

Bello ya dubi zanen.

"Ko fuskar da ba komai a kai, kamar naka yanzu, ita za ta iya ganin fushi a ciki."

"Hoton kai zai nuna?"

"A'a, ba a gane shi a hoton mutum ɗaya. Wani ɓangare gado ne, wani kuma abin da yaro ya gani yana tasowa. Ana samun sauƙi sosai, amma sai ta riƙa zuwa. A danginku akwai mai irin wannan hali?"

"Babu."

"Ka tuna dai, Baba. Ko kaka, ko gwaggo."

"Na ce babu."

Kauthar ta yi dariyar da ba daɗi. "Kin ji ko, Dakta? Daga sama na faɗo."

A cikin tasi ta jingina kai da gilashi. Sai da suka kusa Dei-Dei ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ba zan koma ranar Alhamis ba. Ciwo yana da asali. Nawa ba shi da shi, ke nan ba ciwo ba ne. Ni ce muguwa kawai." Bello ya san abin da ke jiran yarinyar in ta daina zuwa: karo na biyar, wanda wataƙila ba za a kira shi da wuri ba.

Tun da can ya gaya wa 'ya'yansa cewa uwarsa ta rasu yana ƙarami. Ƙarya ce. Iya tana Karshi da ranta har shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mace ce da za ta ɗinka masa riga da safe tana masa waƙa, da rana ta zubar wa kaji tuwonsa don ya gaida maƙwabciya kafin ita. Tabon muciyarta yana nan a bayan kunnensa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne randa: in abin ya motsa mata, sai ta ruga ta tsoma fuskarta cikin ruwan shansu, shi kuma a tura shi rafi ya sake cikawa. Yana shekara goma sha bakwai ya bar gidan. Da ta rasu ya aika da likkafani, shi bai je ba.

Ranar Asabar ya dawo da azahar, ya tarar da matarsa Fadima tsaye a tsakar gida da mayafi a hannu, Kauthar kuma a durƙushe gaban robar wanki, fuskarta cikin ruwa mai ƙanƙara.

"Cewa kawai na yi zan je suna ni kaɗai," in ji Fadima a hankali.

Kauthar ta ɗago, ruwa na zuba daga haɓarta.

"Me kike yi haka?" in ji Bello.

"Dakta ce ta koya min. Wai ruwan sanyi a fuska yana rage bugun zuciya, sai maigadin ya yi shiru." Ta ja numfashi. "Don kar in faɗa wa Mama abin da ke bakina."

Ta sake mayar da fuskar.

Bello ya tsaya da ledar abarba a hannu. Wani abu ya dawo masa wanda bai taɓa sa shi a ma'auni ba. Ba kullum bayan duka Iya take zuwa randa ba. Sau da yawa takan ɗaga muciyar, sai ta yar, ta ruga. Ranakun da ta doke shi duk yana riƙe da su. Ranakun da ta fasa, haushin zuwa rafi kawai ya riƙe.

Ya taɓa bayan kunnensa. Tabon bai je ko'ina ba. Ya jira ya ji tausayi ko kuka, babu wanda ya zo. Ya ajiye abarbar ya tafi alwala.

Ranar Alhamis bai je kasuwa ba.

"Sa hijabinki."

"Baba, na ce ba zan je ba."

"Ni zan je. Rako ni za ki yi."

Dakta Janet ta ɗago kai da mamaki. "A'a, Baba mai lemo! Yau ba kasuwa?"

Ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Tambayar da kika yi ranar nan. Akwai."

Kauthar ta juyo gaba ɗaya.

"Mahaifiyata ce. Maiturare ake ce mata, a Karshi." Ya dubi takardar da ke gaban likitar. "Ɗauko biro. Da tsawo."