Hanya ta Huɗu

Shekara ɗaya bayan an ba mu jiha aka ɗauke ni aiki a Gusau, a ofishin wani shirin bunƙasa noma da ke hayar gida a Sabon Gari. Mu tara ne, ni kaɗai ce mace, tebur kuma shida. Ba a ba ni ko ɗaya ba sai da na zauna a na wani da ya tafi hutu, ya dawo na ƙi tashi. Haka nake. Da an bi ta bakin dangi da ban wuce firamare ba, amma Baba ya tsaya, ni ma na tsaya, har na gama jami'a a Sakkwato.

Aikin da aka ɗora mini sabo ne. Wani malami daga Zariya ya zo ya koya mana shi cikin mako biyu. Ya ce kada mu taɓa cewa ga abin da zai faru. Mu zana hanyoyin da gobe za ta iya bi, mu tambayi mutane, sannan a shirya wa kowace hanya. Abokan aikina suka mayar da abin wasa. Kullum na shigo sai Ɗanlami ya ce, "Malamar gobe, yau me ƙasa ta nuna?" kamar ni mai duba ce. Ba na kula shi. Na kwashe alƙaluman ruwan sama na shekara talatin, na fitar da hanyoyi uku: damina mai yawan ruwa, damina daidai, damina mai ƙarancin ruwa.

Da kaka muka je Tsafe jin ta bakin manoma da makiyaya. A wani ajin firamare aka taru. Na zana hanyoyina uku a allo da alli, na yi bayani yadda ya kamata. Daga baya can wani dattijo ya ɗaga sanda. Na san shi. Ardo Bello ne, Bafulatanin da ke kawo shanunsa gonar Baba a Rawayya kowane rani su zuba taki, in zai tashi Baba ya ba shi dami biyu na gero.

"Ɗiyar Malam Sani," in ji shi, "ina hanya ta huɗu?"

"Wace ce, Baba Ardo?"

"Ruwa ya zo da wuri, ya yi sallama mai kyau, kowa ya shuka. Sai ya tafi kwana ashirin bai waiwayo ba."

Na ce ai wannan tana cikin ƙarancin ruwa.

"A'a. Shekarar da nike faɗi ruwanta ya cika, rijiyoyi sun ɗauka. Rami ne kawai a tsakiya, kuma cikin ramin ga iri ka mutuwa."

Wasu suka gyaɗa kai. Na rubuta maganar a littafina don kada a ce na raina babba. Da muka koma Gusau na duba alƙalumana, ban ga ramin ba, domin jimillar shekara ce kawai a hannuna, ba ta mako-mako ba. Shugabanmu Malam Shu'aibu ya ce gurbi uku ne a takardar da za a tura sama, in ina da hujjar na huɗu in kawo. Ba shi ya goge ta ba. Ni na ja mata layi da hannuna, ina ce wa kaina maganar da ba ta da lissafi ba za ta shiga rahotona ba.

Ban tsaya nan ba. Cikin shekara talatin ɗin, goma sha tara sun faɗa hanya ta tsakiya, sai zuciyata ta kwanta a kanta har na manta da abin da malamin Zariya ya ce. Na rubuta shawara cewa a shuka gaba ɗaya da ruwan farko, a matse layi, a ci moriyar damina tun daga farkonta. Aka ce ana son gonar gwaji da manya za su zo su gani. Na ce ta Babana.

Muna da wani gero da muke kira Ɗan Kaka, mai dogon kai, furarsa fara tas. Baba yakan zaɓi kawunan iri tun a gona, ya rataye su a rufin ɗakinsa. In ruwa ya sauka kashi uku yake yi musu. Ya shuka ɗaya, ya jira mako biyu ya shuka na biyu, na uku kuwa ba ya sauka daga rufi sai an ga gero ya kai gwiwa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Juwairiyya, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, in munka matse layi kamar yadda kika ce, irin duka zai shige ƙasa. Babu na baya."

"Baba, ba za a nemi na baya ba."

"Takardar ta ce haka?"

"Takardar ta ce haka."

Ƙarya ce. Takardar ba ta ce haka ba, ni na ce. Ya dube ni, ya dubi rufin ɗakin, ya ce, "To. Ba don banza munka kai ki makaranta ba." Sauran geron rumbu kuwa azumi ya cinye shi a kunu da fura, dawa ce kawai ta rage.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar watan Mayu, ruwa mai nauyi. Baba da yayana Abdu suka shuka gonar duka cikin kwana uku. Bayan mako ɗaya na kai Malam Shu'aibu da baƙi biyu, suka ga layuka kore shar kamar an ja su da zare. Aka ɗauki hoto ina tsaye kusa da Baba. Ɗanlami ma ranar bai yi mini tsiya ba.

Daga nan sama ta rufe bakinta.

Kowace Asabar ina hawa motar Bunguɗu, in sauka in ƙarasa Rawayya. Makon farko ganyen ya nannaɗe da rana, da yamma ya buɗe. Mako na biyu ya daina buɗewa. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. A kwana na ashirin da uku na tsuguna na ja wani tsiro, ya biyo hannuna ba gardama, saiwarsa kamar zaren da ya ƙone.

Abdu ya ce, "Malama, wace hanya ce wagga cikin ukun naki?"

Baba ya ce masa ya yi shiru. Da ma ya bar shi ya ci gaba. Da faɗa aka yi mini da na san yadda zan tsaya, ai na saba. Amma Baba bai yi mini faɗa ba, Inna ma sai tuwon dawa ta ajiye mini ta ce in ci kafin ya huce. Na ga Baba ya shiga ɗakinsa ya ɗaga kai ya dubi igiyar da babu komai a jikinta. Geron kasuwa ana samu. Ɗan Kaka ne babu, irin da ya wuce hannun mutum uku kafin ya zo nasa, ya ƙare a shekarar da 'yarsa ta zama ma'aikaciya.

A motar komawa Gusau na tuna da dami biyun nan na Ɗan Kaka da Baba ke ba Ardo Bello kowane rani. Ardo Bello yana ɗan noma a bayan rugarsa. In akwai inda irin ya rage, can ne.

Kwana biyu ina juya abin. Zuwa wurinsa yana nufin in tsaya gaban mutumin da na ja wa maganarsa layi in miƙa hannu. Ranar Talata hadari ya haɗu ta gabas bai zubar ba, na san lokaci ya ƙure. Laraba da safe na hau motar Tsafe ban ko nemi izinin ofis ba. Daga bakin titi zuwa rugar tafiyar awa biyu ce a ƙasa, ni kuma da takalmin ofis. Kafin in kai ya yanke mini diddige, na cire shi na riƙe a hannu.

Na same shi a gindin kirya yana gyara igiyar maruƙa. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiya. Sannan ya dubi ƙafafuna.

"Malama, ba ki zo da allo ba?"

"Ban zo da shi ba, Baba Ardo. Hanyar da ka faɗa ita ta zo. Na rubuta ta, na kuma goge. Na sa Baba ya shuka irinsa duka."

"Duka? Malam Sani?"

"Ni na sa shi."

Sai ya kira matarsa Balkisu da Fulatanci. Ta shiga bukka ta fito da ƙunshin kawunan gero da hayaƙi ya yi wa duhu. Tun daga nesa na gane tsawonsu. Ardo ya kwance ƙunshin a kan tabarma ya raba biyu, ya tura mini rabi.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Gonar da girma, Baba Ardo."

Ya yi dariya har Balkisu ta taya shi. "Ke dai ba ki ji ba tukuna. Wanga rabin na hanya ta biyar ne, wadda ni ma ban sani ba."

Kunya ta rufe ni. Na ɗaure kawunan a mayafina na yi godiya.

Ruwa ya dawo ranar Juma'a. Asabar da hantsi na shimfiɗa kawunan gaban Baba. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya murza 'yan ƙwayoyi a tafinsa. Bai tambaye ni yadda na samo ba, ƙafata da ke ɗaure da tsumma ta gaya masa. Ɗan abin nan da bai kai ya rufe kwatar gonar ba, ya zauna ya kasa shi uku. Wannan karon na bar shi ya yi yadda ya saba.

Sauran gonar wake aka zuba mata da geron kasuwa. Gidan da ya saba cika rumbu biyu, a wannan shekarar ko ɗaya bai cika ba. Inna ta rage fura zuwa ranar Juma'a kawai, Abdu ya tafi cin rani Kaduna karon farko a rayuwarsa. Ba wanda ya ce saboda ni ne, ni ma ba na bukatar a ce.

A ofis na sake rubuta rahoton da hanyoyi huɗu. Malam Shu'aibu ya ce gurbin har yanzu uku ne. Na ce to a liƙa takarda. Sau uku yana dawo mini da shi, sau uku ina mayarwa yadda yake, har ya gaji ya sa hannu. Na bi tashoshin awon ruwa ɗaya bayan ɗaya na kwafo alƙaluman kullum-kullum, ramin kuwa yana nan, sau shida cikin shekara talatin. Da na nema tun farko da na gani.

Bayan girbi Baba ya zo Gusau, ya same ni a ɗakin da nake haya a Damba. Ya ciro kawuna uku na Ɗan Kaka daga buhu, an ɗaure su da igiyar kaba.

"Uwata, ki rataye nan wurinki. Ba a aje iri wuri guda."

Na ce, "Baba, ni za ka ba ajiya?"

"Wa ya fi ki sanin abin da ka faruwa in babu?"

Na hau kujera na rataye su a ƙusar da ke saman teburina. Suna nan. Duk sanda na zauna zan rubuta abin da gobe za ta iya kawowa, su nake fara gani, kuma har yau ban iya kallonsu in daɗe ba.