Ɗigon Sandal a Kan Baƙin Faifai

Sharvari ta rantse ba mai taɓa mata faifanta, ko da yau ce ranar bikin kayan aiki.

Ta daɗe tana fama da silikon, sinadarin da ake yin faifan sola da shi, a wani ɗakin bincike a Bengaluru, tana sassaƙa masa ƙananan allurai da ido ba ya gani, don hasken rana in ya shiga tsakaninsu ya rasa hanyar fita, ya zama lantarki. Faifai ɗaya tak ya yi kyau, baƙi ƙirin. Shi za ta nuna wa Farfesa Kulkarni da yamma, in bai gamsu ba digirinta ya ƙara shekara.

To, ranar bikin nan kowane ƙarfe sai ya sha fure da ɗigon sandal, wato kwaɓaɓɓen garin wani itace mai ƙamshi. Gundappa, tsoho mai kula da injuna, wanda kowa ke kira Anna, wato yaya, ya ɗauko kwanon kwaɓin, ya bi kwamfuta, ya bi fanka, almakashi ma bai tsira ba.

"Miƙo shi, ɗiyata, ɗan ɗigo ne."

"Anna, rufa min asiri. Ƙura ma ba ya so, balle yatsanka."

"Gindin tukunyarmu ya fi shi kyan gani, amma dubi gata."

Ta ajiye shi a kan baƙin teburin gwaji ta je karɓo rabonta na alewa. Da ta dawo, faifai ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Teburi baƙi, faifai baƙi. Lalube ba dama, allurai za su karye. Ta haska tocila, faifan ya haɗiye hasken ya yi lamo, aikin da ta koya masa ke nan. Tsoro ya kama ta sosai.

Tana durƙushe tana leƙe, Gundappa ya dawo da kwanonsa.

"Af, na manta teburin nan." Ya dangwala yatsa. "Yaushe ya yi gashi?"

Sharvari ta ɗora hannu a ka. Daidai nan Farfesa ya shigo, ya tsaya cak, ya cire tabarau, ya mayar.

"Ɗigon nan a jikin me yake? Kamar a iska yake tsaye."

"A kan faifaina ne, Malam," in ji ta.

"Ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Na gamsu. Ki yi min wasu, kowanne da ɗigonsa, sai in sa hannu."

Yana fita ta juya ga Gundappa tana murmushin roƙo. Tsohon ya rufe kwanonsa a hankali.

"Sai baɗi, ɗiyata. Bikin sau ɗaya ne a shekara."