Ƙofofin Otal ɗin Oga Ɗanladi

Hayatu mai walda ne a unguwar Barade da ke Jalingo, kuma ba ya ƙera ƙofa ya ajiye jiran mai saye. Sai an zo an yi oda, ya je ya yi awo, sannan ya yanka ƙarfe. Shi ya sa abin da Ɗanladi ɗan kwangila ya yi masa ya tsaya masa a rai. Ɗanladi ya taɓa sa shi ƙera tagogi masu lanƙwasa kamar baka, irin da ba su shiga ginin kowa sai nasa. Da aka gama ya ce ya fasa, sannan ya bi Kasuwar Jalingo yana cewa aikin Hayatu karkatacce ne. A waccan shekarar shagon Hayatu ya kusa rufewa.

Ana dab da Kirsimeti, lokacin da aiki ke yi wa masu walda yawa, sai ga motar Ɗanladi a bakin shago. Wani otal yake ginawa, mai otal ɗin ya matsa masa lamba, sauran masu walda kuma duk hannunsu a cike.

"Malam Hayatu, abin da ya wuce ya wuce," in ji Ɗanladi. "Ƙofofin otal gaba ɗaya naka ne, har da get."

Hayatu ya ba shi benci, ya sa aka kawo ruwan sanyi. "Oga, bari in duba aikin da ke hannuna. Ka leƙo gobe."

A gida matarsa Saliha ta ce, "Baban Nasiba, wannan aikin zai sayo mana sabon janareta. Ka karɓa mana."

"Hannu biyu gare ni," ya ce. "Ni zan zaɓi wanda za su yi wa aiki."

Washegari ya karɓi odar Esta, wata gwauruwa daga Kona mai son ƙofar shagon niƙa, da ta ƙarafan tagar wata ƙaramar coci. Ɗanladi kuwa kullum ya zo, sai ya tarar da fara'a da "ka leƙo gobe". Hayatu na kallon yadda wayar mutumin ke ta ƙara yana kasa ɗauka, wani sanyi na ratsa zuciyarsa.

Sai da ya tabbata lokaci ya ƙure ya ce, "Oga, na duba. Ba ni da wuri."

Ɗanladi ya miƙe tsaye. "Tun farko me ya hana ka faɗa?"

"Kai ma sai da na gama yanka ƙarfe ka faɗa."

Ɗanladi ya garzaya Yola wurin wasu masu walda, amma kafin kayan su iso an ƙwace kwangilar an ba wani. Da labari ya zo Barade, Saliha ta san bana ma sai dai a ci gaba da lallaɓa tsohon janaretan da ake da shi. Hayatu kuwa ranar har ƙarin tuwo ya nema.