Katangar Tudun Wurogauri

Shekara arba'in Malam Haliru yana gadin mutanen da ko sunansu bai sani ba. Tudu ne a ƙarshen gonarsa a Wurogauri, an ce mutanen zamanin da ne suka binne matattunsu a ciki tun ba a kafa Gwandu ba. Duk aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya zagaya tudun da 'yar fartanya, ya tsince tsingaro da guntun ƙashin da ruwa ya tono, ya mayar ya rufe. Haka ya ga ubansa yana yi.

Da masu tipa masu ɗibar ƙasa suka fara sa wa tudun ido, Haliru ya dinga sintiri zuwa wurin hukuma a Kalgo har takalminsa ya cinye, sai da wata ƙungiyar kula da kayan tarihi ta ce za ta kewaye wurin da katanga. Kai, zo ka ga murna! Har zakara ya yanka musu. Da bakinsa ya roƙa a ba ɗan ƙanensa Lawali magini aikin, wai na gida ya fi tausayi. Sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi sati uku a Birnin Kebbi.

Ranar da ya dawo ko gida bai shiga ba. Katanga kam ta yi kyau, ga ƙofar ƙarfe, ga allo da rubutu. Ya tura ƙofa. Babu tudu. Rami ne, ruwa kwance a ciki.

Lawali ya taho yana washe baki.

"Lawali, ina tudun?"

"Baffa, ai ƙasa tai ta fi ta ko'ina kama tubali. Mi za ya kai mu nesa, ga ta a tare? Wuri aka ce a tsare, ga shi mun tsare."

Haliru ya sake duban ramin. Masu tipa ma da rabi za su bari! Ya dafa katanga, sai wani abu ya soke shi a tafin hannu. Ya ƙwaƙule shi da farce. Haƙori ne, ƙarami, na yaro.

Ya sunkuya zai mayar da shi kamar kullum. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu inda zai mayar.